Wasiƙar da Malama Rumyana Ta Ƙi Gyarawa

Shekara talatin da huɗu Malama Rumyana Gecheva ta yi tana koyar da Turanci a wata sakandare a garin Lom da ke bakin kogin Danube. Ranar da ta yi ritaya ta rantse ba za ta sake riƙe jan biro ba, amma rantsuwar ba ta kai wata biyar ba. Fansho bai taka kara ya karya ba, ga miji ba lafiya. Sai ta karɓi wani ɗan ɗaki a bayan ɗakin karatu na gari, inda ake ajiye kayan rawar yara, ta riƙa koyar da manya sau biyu a mako.

Duk wanda ya zo wurinta shirin barin ƙasa yake yi. Direbobi ne, da masu gyaran wuta, da ma'aikatan jinya. In ta bi titin da ya gangara bakin kogi ta ga gidajen da aka toshe tagoginsu da katako, takan iya faɗin wanda ya fita daga kowane gida, har da irin kuskuren da yake yi a rubutu. Ɗanta Kalin ma ta hannunta ya bi. Yana Ingila shekara goma sha ɗaya ke nan, yana bugo waya ranar Lahadi.

A watan Maris na wannan shekarar ɗalibanta huɗu ne kacal. Babbarsu ita ce Zdravka Toneva, nas mai shekara hamsin da uku, gajeriya mai kauri, mai murya kamar tana kiran wani daga tsallaken kogi. Sau uku tana zuwa Sofiya, babban birnin ƙasar, zana jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. Tana cin sauraro, tana cin magana, tana cin karatu. Rubutu ne ke kayar da ita kowane karo. A jarrabawar akan ba mutum bayanan wani mara lafiya, a ce ya rubuta wa likita wasiƙa a kansa cikin minti arba'in da biyar.

"Karanta mana abin da kika rubuta," in ji Rumyana wata ranar Talata.

Zdravka ta gyara zaman gilashinta, ta karanta Turancinta da ƙarfi. Abin da ta rubuta shi ne: Mara lafiyar ya dawo asibiti ranar Litinin. Saboda ƙafarsa ta kumbura. Lokacin da ya daina shan magani.

"Jimla nawa ke nan?"

"Uku, Malama."

"Ɗaya ce. Ɗaya da guntaye biyu."

"To ai aya uku na sa."

"Ki sa goma ma. Aya ba ta mayar da guntu jimla." Rumyana ta tashi da ƙyar, ta ɗauki alli. Ta faɗi wannan magana sau dubu a rayuwarta, har bakinta ya iya faɗinta ba tare da ita ba. "Duk abin da ya fara da because, ko when, ko although, ganga ce dogarau. Ba ta iya tsayuwa ita kaɗai, sai ta jingina da babbar ganga. Yanzu in na shigo ɗakin nan na ce miki, 'Saboda ƙafarsa ta kumbura,' na yi shiru, me za ki ce?"

"In ce a ɗora ƙafar a kan matashi, a kira likita."

Sauran ukun suka kwashe da dariya. Rumyana ba ta yi ba.

"Za ki ce, 'Sai me ya faru?' Abin da mai duba takardarki yake tambaya ke nan, kuma ba kya wurin balle ki ba shi amsa. In dogarau ta zo a gaba, ki sa waƙafi, sannan babbar ta biyo. In ta zo a baya, ki manne ta kawai, ba aya, ba waƙafi."

"Ba waƙafi kafin saboda? Tun ina aji uku ake dukan hannuna don na manta shi."

"A harshenmu ne. Su ba sa so."

"Me ya sa?"

"Ban sani ba, Zdravka. Ba ni na ƙirƙiro Turanci ba."

Zdravka ta jefa biro a kan tebur. "Shekara talatin ina rubuta wa likitoci. 'Zazzaɓi da asuba. Bayan allura, barci.' Kowa ya gane. Ban taɓa ganin wanda waƙafi ya kashe ba."

"Ke dai ya kashe ki sau uku. Sake rubutawa."

A aji ne kawai suke Malama da ɗaliba. A waje maƙwabta ne, gida huɗu tsakani, kuma Yaya Rumi take ce mata. Kullum ƙarfe bakwai saura na safe, kafin ta wuce asibiti, Zdravka kan tura ƙofar gidansu da ƙafa, jaka a hannu, ta wuce ɗakin da Lyuben, mijin Rumyana, yake kwance. Da can makanikin jiragen dakon kaya ne a kogin Danube. Ciwon suga ya kama shi, wani ɗan ƙurji a gefen ƙafarsa ta hagu ya zama gyambo, yau shekara biyu ya ƙi warkewa. Zdravka ce ke wanke shi ta ɗaure. Ba ta taɓa karɓar komai ba sai gahawa kofi ɗaya, da kwalbar barkonon da Rumyana ke dafawa da tumatir in kaka ta yi.

"Yaya Lyubo, an tashi lafiya? Wa ya ba ka alewa jiya?"

"Wa zai ba ni? A gidan nan ko gishiri sai da takardar izini."

"Ƙarya kake, ga takardar alewa a ƙarƙashin matashi."

"Ta bara ce."

Rumyana kan tsaya a ɗakin girki tana jin su. Sau ɗaya ta taɓa kallon gyambon, tun farko-farko, sai ta farka ta gan ta a ƙasa, Zdravka na yayyafa mata ruwa. Tun daga ranar aikinta shi ne tafasa ruwa da dafa gahawa.

Ta san dalilin tafiyar Zdravka, kuma ba ta ga laifinta ba. An rufe sashen yara inda ta yi aiki tun tana budurwa, an mayar da ita sashen tsofaffi, ita kaɗai da gado ashirin da biyu. Mijinta ya rasu. 'Yarta Denitsa tana Ireland da ɗa ɗan shekara biyar wanda in kakarsa ta yi masa magana a waya sai ya juya ya kalli uwarsa ta fassara. Rumyana ta kuma san cewa ranar da Zdravka ta hau mota, ba wata nas a unguwar da za ta riƙa zuwa gida. Sai dai a kai Lyuben asibitin garin Montana, tafiyar awa guda, mutumin da ko bayan gida sai an riƙe shi. Ba su taɓa yin maganar ba. Duk lokacin da sakamako ya fito Zdravka ta faɗi, Rumyana kan yi mata jaje da gaske, sannan ta lura cewa a ranar takan ci abinci da yawa.

Saura kwana goma jarrabawa ta huɗu, Zdravka ta ajiye mata takarda a kan teburin ɗakin girki.

"Wannan na yi ta da agogo a gabana, minti arba'in da biyar cif. Ki duba min da kyau, Yaya Rumi. In na faɗi wannan karon na haƙura, na gaji. Sai dai yaron ya girma bai san ni ba."

Da rana, bayan Lyuben ya ci ya yi barci, Rumyana ta zauna da takardar. Sakin layi na farko ba kuskure. Na biyu ma haka, har da wata doguwar jimla da ta fara da although, waƙafi ya zauna daidai wurinsa, babbar ganga ta biyo. Rumyana ta ji wani abu kamar daɗi. A sakin layi na ƙarshe kuwa, inda lokaci ya fara ƙurewa, hannun nas ya koma gidan jiya. Guntaye uku a jere. Lokacin da aka sallame shi. Saboda matarsa ba za ta iya ba. Idan ciwon ya ƙaru.

Ta cire murfin jan biro. Ta san ainihin abin da ya kamata ta rubuta: cewa gaggawa ce ke kayar da ita, ta riƙa ajiye minti biyar na ƙarshe ta bi takardar daga ƙasa zuwa sama, tana tambayar kowace aya. Gyaran ba shi da wuya, mako guda ya isa. Ta riƙe biron a saman takarda har hannunta ya yi tsami. Daga ɗaki tana jin minsharin Lyuben. A kan murhu ga tukunyar da take tafasa ruwan wankin ciwo, a kife.

Ta rubuta "Ya yi kyau sosai" a ƙasan takardar, ta mayar da murfin biro.

Washegari Zdravka ta juya takardar gaba da baya tana neman ja.

"Ba ko ɗaya?"

"Kin dai gani."

"Yaya Lyubo! Matarka ta ce ya yi kyau! Ka taɓa jin ta faɗa wa wani haka?"

"Ni dai shekara arba'in ina jira," ya amsa daga ɗaki.

Zdravka ta rungume ta, ta sumbace ta a kumatu biyu, ta fita tana waƙa. Rumyana ta wanke kofuna, ta sake wanke su. Ta ce wa kanta idonta ne ya gaji, ai kowa yana tsallake kuskure. Ta ce wa kanta wataƙila a jarrabawar ba za ta yi irinsa ba. Ranar Asabar ta koyar da darasi ba ta kalli ɓangaren da Zdravka ke zaune ba.

Ranar Litinin da safe Zdravka ta shigo ba ta yi sallamar da ta saba ba. Ta ajiye jaka a kan kujera, ta ciro takardar, ta shimfiɗa a kan tebur. An ja layi da fensir a ƙarƙashin wurare uku.

"Jiya na ce bari in haddace ta, tun da ita ce ta yi kyau. Ina cikin karantawa sai na tsaya a nan. 'Lokacin da aka sallame shi.' Na ce, sai me ya faru?" Ta ɗora yatsa a kan na biyu. "Nan ma. Da nan. Guntaye ne, ko ba haka ba?"

"Guntaye ne."

"Na ce ai to." Zdravka ta dube ta ta saman gilashi. "Idonki ne ya gaji, ko? Gilashin nan naki tun zamanin kwaminisanci."

Ga ƙofa an buɗe mata, sai dai ta bi ta fita. Rumyana ta kalli layukan fensir. A karkace suke, an danna su da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa. Shekara biyu tana fama da matar nan a kan wannan abu ɗaya, yau ga shi ta gano shi da kanta.

"A'a," in ji Rumyana. "Na gan su."

"Kin gan su."

"Duk ukun."

Zdravka ta janye yatsa daga kan takardar. Wuyanta ya yi ja, jan ya hau har kunnuwa. Ta ninke takardar gida huɗu, a hankali, ta sa a aljihu. Ruwa yana ta tafasa a kan murhu, ba wadda ta sauke.

"Saboda ƙafar," in ji Zdravka daga baya.

"E."

"Da kin tambaye ni. Baki gare ki, Yaya Rumi. Duk garin nan ba wanda ya kai ki baki. Shekara biyu ina shigowa gidan nan kafin in karya, ko ranar da aka binne mijina sai da na zo. Kin san sau nawa na hau motar asuba zuwa Sofiya ina amai a leda?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba."

Daga ɗaki muryar Lyuben ta fito, ba wasa a cikinta. "Rumi. Ƙafata ce. In za ta ruɓe ta ruɓe, amma kada ki ɗaure 'yar mutane da ita."

Rumyana ta zauna a kan kujera. Ba ta yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mata tun daga kafaɗa. Ta jira Zdravka ta ɗauki jakarta ta fita. Zdravka ta ɗauki jakar kuwa, amma sai ta zuge ta, ta ciro safar hannu guda biyu ta jefa mata a cinya.

"Tashi ki wanke hannu. Har gwiwar hannu, da sabulu, ki ƙirga sittin."

"Zdravka, kin san ba na iya..."

"Ni ma ba na iya waƙafi. Tashi."

A ranar ba ta suma ba, amma sai da ta fita tsakar gida sau biyu ta shaƙi iska. Warin ne ya fi damunta. Zdravka ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu, ba ta taɓa komai ba.

"Daga tsakiya zuwa waje. Na ce zuwa waje! Auduga ɗaya, shafa ɗaya, ki yar. Kin taɓa zanen gado da safar, cire ta, sake wata."

"Ɗan gefe ne kawai na taɓa."

"Sake."

"Ku yi a hankali dai," in ji Lyuben, idonsa a rufi. "Akwai mutum a jikin ƙafar."

Haka suka yi kwanakin da suka rage. Da safe Rumyana ta wanke ciwo, Zdravka na yi mata tsawa. Da yamma, in Zdravka ta taso daga aiki, su zauna a teburin ɗakin girki da agogo a tsakani, ta rubuta wasiƙa, Rumyana ta sa ta bi ta daga ƙasa zuwa sama, aya bayan aya. Jan biro ya yi aiki a makon nan fiye da yadda ya yi a shekara. Ba su koma kan maganar ba. Amma Zdravka ta daina zama shan gahawa. Takan sha a tsaye, ta ajiye kofi ta wuce.

Sakamako ya fito a tsakiyar Afrilu. Zdravka ta ci rubutu, da ƙyar, maki kaɗan a saman layi. Ta zo ta nuna musu a waya. Lyuben ya sa aka ɗauko kwalbar giyar 'ya'yan itace, wadda suke kira rakiya, da ya ɓoye a bayan kabad, wadda duk suka san da ita, aka zuba kaɗan-kaɗan, shi aka ba shi ya sansana.

Takardu suka ci wata biyar. A cikin watannin nan Zdravka ta riƙa rage zuwa da gangan, daga kullum zuwa sau uku a mako, daga nan sai Lahadi kawai, ta duba aikin Rumyana ta kushe. Ta rubuta mata alamun da in ta gani kada ta jira: in gefen ciwon ya yi baƙi, in warin ya canja, in zazzaɓi ya zo. Ranar tafiyarta, a ƙarshen Satumba, Rumyana ta raka ta tasha da kwalbar barkono biyu a naɗe cikin jarida.

"Ba za su bar ni in shiga jirgi da su ba, Yaya Rumi."

"Ki sa a babbar jaka."

"Za su fashe a kan kayana."

"To ki ba direba."

Zdravka ta karɓa. Ta sumbace ta a kumatu ɗaya, ta hau mota, ta zauna a ɓangaren da ba ya kallon tasha.

Rumyana ta riƙe ƙafar ita kaɗai wata biyu da 'yan kwanaki. Hannunta ya saba, har takan yi aikin tana sauraron labarai a rediyo. A farkon Disamba, wata safiya, ta kwance bandeji ta ga gefen ƙaramin yatsa ya yi baƙi. Ba ta jira ba. Ta roƙi wani maƙwabci ya kai su Montana a motarsa. Aka kwantar da Lyuben kwana tara, aka cire yatsu biyu. Likitan da ya yi aikin, wani dogo mai furfura tun bai kai arba'in ba, ya ce da sun ƙara kwana uku da ƙafar ce gaba ɗaya. Ya tambayi wanda ke wanke ciwon a gida. Da ta ce ita ce, ya gyaɗa kai, ya ce an yi shi da tsafta.

Ranar sallama ya biyo ta har baranda, yana riƙe da takardar magunguna.

"Malama Gecheva, ba ki gane ni ba. Kin koyar da yayata, Militsa Vasileva. Tana Kanada yanzu."

"Militsa. Mai rubutu da koren biro."

"Ita ce." Ya yi dariya, ya waiga ya ga ba kowa kusa, ya rage murya. "An ce har yanzu kina koyarwa. Ni magana ba ta ba ni wuya, rubutun ne. Ina iya zuwa Lom ranar da ba ni da aiki."

Rumyana ta dube shi. Idanunsa sun yi ja don rashin barci, akwai ɗigon gahawa a gaban farar rigarsa. A bayansa, ta ƙofar da ke buɗe, tana hango gadaje a jere da tsofaffi a kai, da nas ɗaya tana tura keken magani.

"Likita nawa ne a sashen nan?"

"Mu biyu ne. Ɗayan zai yi ritaya a bazara."

Ta karɓi takardar daga hannunsa, ta yage ɗan gefen da ba rubutu, ta rubuta lambar wayarta ta miƙa masa.

"Bayan sabuwar shekara. Yanzu bari in kai shi gida."

Maƙwabcin bai samu zuwa ba a ranar, sai suka ɗauki tasi zuwa tasha. Motar ƙarfe biyu ta riga ta tashi, ta gaba sai huɗu da rabi. Ta zaunar da Lyuben a kan benci kusa da na'urar ɗumama ɗaki, ta ɗora ƙafar a kan jakarsu. Ya ce yana jin ƙamshin banitsa, gasasshen fulawa mai cuku a ciki, daga shagon can, kuma mutumin da ya bar yatsu biyu a garin mutane ya cancanci ko rabi ne. Ta ce a'a. Ya ce kwata. Sai ta je ta sayo ɗaya, ta gutsura masa gefe, ta ci sauran. Ana yayyafi a waje. Ta jingina kai da bango, ta ce ya tashe ta in mota ta zo.